Kwalba ta Saba'in da Uku

Jirgin ruwan ƙarfe shida ya bar Bergen cikin yayyafi,
ina zaune da akwatin ƙanƙara bisa cinyata
kamar mai kai jariri wurin kakanninsa.
A tsibirin can akwai wani farin gida,
tagoginsa duk an toshe da baƙin ƙyalle.
Nan Eilif yake kwance, shekara tara ke nan.

Ƙanwarsa Ragnfrid ta tare ni a bakin ƙofa:
cire takalmi, kashe waya,
in za ki yi magana, yi raɗa.
Jiya ya wanke gashinsa da hannunsa, in ji ta,
yau yana biyan bashin.

A da shi ne mai raba wasiƙun tsibirin.
Ya san kowace matattakala, kowane kare mai cizo,
yakan hau tudu da jaka a kafaɗa,
dusar ƙanƙara har gwiwa.
Mura ce ta kwantar da shi, irin ta kowa.
Murar ta tafi.
Shi bai tashi ba.

An auna jininsa, aka ce lafiya lau.
An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, aka ce lafiya lau.
Wani likita ya ce ya ƙara motsa jiki.
Ya motsa. Ya kwanta wata huɗu bai ga tsakar gida ba.
Maƙwabta suka sa masa suna son jiki.
Ciwon da ba ya kumbura, wa zai yi maka sannu?

Na lalubi jijiyarsa da hasken 'yar tocila.
Jinin ya fito ja wur, babu abin da ya raba shi da nawa.
Abin takaicin ke nan.

A hawa na huɗu, inda nake kai kwalaben,
Sunniva takan juya su a inji har jini ya rabu,
ta tsamo fararen ƙwayoyi, masu gadin jiki,
ta ba su sukari, ta ga yadda suke ci,
ta tsokane su, ta ga ko za su tashi.
Wasu, in ji ta, kamar maigadin da ba a zo canjinsa ba:
ɓarawo ya daɗe da tsallake katanga,
shi yana nan yana busa usur,
ya ƙone itacen gidan kaf don ya ga hanya,
muryarsa ta dushe, ya ƙi zama.
Sai ta cire tabarau ta murza ido.
Ko kuma ba haka ba ne, in ji ta. Ba mu sani ba tukuna.

Bara mun gwada wani magani.
Rabi aka ɗura musu shi, rabi ruwan gishiri,
ba wanda ya san nasa, har mu.
Ranar da aka buɗe ambulan, lissafin ya zo kunnen doki.
Sunniva ta fita cikin ruwan sama ba riga mai kauri.
Washegari na tarar da ita tun asuba
tana manna lamba a kan sababbin kwalabe.

Ina danne auduga a gwiwar hannunsa
Eilif ya motsa leɓe. Na sunkuya.
In kun ga wani abu, ya ce,
ko ba shi da magani,
ku rubuto mini.
Ya huta. Na jira. Agogon falo ma an cire masa batir.
Ba ta waya ba.
A takarda, da kan sarki.
Ina so wani ya hau tudun nan da ita.

Jirgin komowa ya makara.
Na buɗe akwatin na sake ƙirga kwalaben, ko da na san adadinsu.
Tasa ba ta ɗauke da suna, doka ta hana,
saba'in da uku kawai, da rubutun hannuna,
tawadar ta ɗan jiƙe a gefe.